Sunan da Piwen Ta Bayar

Duk wanda ya zauna a ƙauyen Kalawen, a tsibirin Manus, ya san Piwen, kuma yawanci bakinta yake fara sani kafin fuskarta. Gajera ce kakkaura, mai kafaɗun masu tuƙa kwalekwale, haƙoranta sun rine jawur da taunar buwai, goron tsibirin, tun tana budurwa. Mijinta ya bi jirgin ruwa neman aiki, ya aiko da hoto sau ɗaya, daga nan shiru kake ji. Ba wanda ya ga hawayenta. Cewa ta yi dama mutumin ba abin da ya iya sai cin abinci. 'Ya'yanta mata sun yi aure a wasu tsibirai, abin da ya rage mata a ƙauye sai 'ya'yan yayanta marigayi Kanawi.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin a wurinmu gwaggo ba abin wasa ba ce. Ita ke tauna citta ta fesa wa jariri, ta raɗa masa suna daga cikin sunayen gidan. Albarka a bakinta take, haka ma tsinuwa. Suna kuma ba ya tafiya shi kaɗai: duk wanda aka ba shi, ya gaji itatuwan da mai sunan ya dasa. Sunayen gidan su Piwen duk akwai masu rai a cikinsu, ɗaya ne kawai ya rage ba kowa, sunan Kanawi. Ta adana shi ne don cikin da Hilan ke ɗauke da shi, matar Kisokau, babban ɗan marigayin. Tare da sunan akwai wata bishiyar saksak da Kanawi ya dasa da hannunsa a saman fadama. Ta yi ƙiba ta kusa isa sara, kowa ya san garin da za a daka daga cikinta zai ciyar da gida tsawon lokaci.

Da aka kafa sansani a ƙarshen tsibirin, aka kewaye shi da waya, aka riƙa sauke mazajen da suka ratso teku a ruɓaɓɓun jirage suna neman mafaka a Ostireliya. Can aka ce ba za su taka ƙasa ba, sai a ajiye su a nan tukuna a duba maganarsu. Wannan “tukuna” ta cinye shekaru. An gaya mana su 'yan ta'adda ne, su kuma an gaya musu mu masu cin naman mutane ne. Ko wane ne ya ƙulla ƙaryar nan guda biyu, ya iya aikinsa. Kamfanin da ke riƙe da sansanin ya ɗebi ma'aikata daga ƙauyuka, Piwen ta samu wanki. Ta shiga da fushinta, ba ta kallon kowa, tana shanya zannuwan gado a igiyar da ke jikin waya.

A nan wata rana ta ji an ce, “Mama, hannun rigarki ya yage.”

Ta juya ta ga wani siririn saurayi mai ƙananan idanu, yatsunsa sarƙe da waya.

“Idonka ne ya yage,” in ji ta. “Ina ruwanka da rigata?”

“Ni tela ne. Kawo min allura kawai.”

Sunansa Nawroz, daga duwatsun Afganistan, mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai ranar da ya hau ta. A sansanin da lamba ake kiransa, kamar kowa. Allura haramun ce a cikin waya, don haka Piwen ta soke ɗaya a cikin gashinta ta wuce masu gadi tana zaginsu kamar kullum. Ya ɗinke hannun rigar har ba ka gane inda ya yage. Daga baya ya farke wani tsohon zanen gado ya yi mata rigar zuwa coci, matan Kalawen suka yi ta shafa ɗinkin suna tambayar daga wane kanti. Ita kuma ta fara kawo masa tuwon saksak da kifi a naɗe cikin ganye.

“Mama,” ya ce ranar farko, yana jan loma tana miƙewa, “wannan abinci ne ko abin liƙe takalmi?”

“Ci, ɗan banza. Duwatsun garinku ne suka fi shi daɗi?”

Ya ba ta labarin burodin da mahaifiyarsa ke gasawa, da ƙanƙarar da ke rufe ƙofar gida har sai an haƙa. Ta ce ƙarya yake yi. Ba ta taɓa kiransa da lamba ba, sunansa kuma ya ƙi zama a harshenta, sai ta riƙa ce masa Tela. In da za ka ce mata tana ƙaunar yaron, da ka sha zagi, amma tana ƙaunarsa.

Abubuwa biyu suka taso kusan lokaci guda. Na farko, ciwon ciki ya kama Nawroz. Aka ba shi ƙwayoyi, bai lafa ba, zazzaɓi ya biyo baya. Sista Morin, Baturiyar da ke kula da ɗakin shan magani, ta ce wani abu ne a cikin hanjinsa ke shirin fashewa, sai an yi masa aiki, kuma babu wurin yin aikin a nan. Sai an turo jirgin sama. Jirgi kuma ba ya tasowa sai wani ofis a ƙetaren teku ya ce to, ofishin da ba wanda ke cikinsa ya taɓa jin warin mara lafiyan. Sista Morin ta yi ta buga waya har muryarta ta dushe. Kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa.

Na biyu, ƙazamin ruwan sansanin ya ɓalle ya gangara fadamar Kalawen. Itatuwan saksak na ƙasa suka fara rawaya suna ruɓewa daga gindi. An kai kuka, kamfani ya ce shi ma yana dubawa. Ran mutane ya ɓaci ƙwarai, don fadamar nan ita ce tukunyarsu. Kisokau ya tara samari, suka yanko jan ganyen tanget, wanda a wurinmu alama ce ta hana wucewa, suka ƙulla shi suka kafa a tsakiyar hanyar mota, daidai inda ta ratsa ƙasar gidansu. Ganye ba ya aiki sai gwaggo ta sa baki. Piwen ta ajiye wanki ta zo, ta tauna citta ta fesa masa, ta ɗaga murya.

“Duk abin da yake na kamfani, mutum ne ko mota ko cokali, in ya tsallake ganyen nan kada ya ga alheri. Wanda kuma ya tuge shi kafin a gyara mana fadama, zuriyarsa ta ƙare. Ko da ni ce!”

Mata suka yi guɗa. Wannan “ko da ni ce” ba dole ba ce, don burgewa ta ƙara, kuma ta ji daɗin kanta. Ta san Tela na kwance. Ta kuma san hanyar filin jirgi ɗaya ce tak, kuma ita ce wannan. Amma fushi ya cika mata kai, ba ta haɗa biyun wuri guda ba.

Kamfani bai damu sosai ba da farko, tunda kayansa ta ruwa suke zuwa. Sai iskar yamma ta taso, teku ta haukace, har masunta suka ja jiragensu kan tudu. Mutanen Kalawen suka yi zamansu a rumfar kasuwa ta bakin hanya suna gadin ganyensu. Ran nan da rana ta karkata, suka ji rugugi a sama, wani ƙaramin farin jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ya sauka a bayan gonar kwakwa. Piwen ta bi shi da kallo, buwai a kumatunta. Sai ta tuna da Tela, ta daina tauna.

Ba a jima ba motar asibitin sansanin ta taho a guje. Direban, Pondros, mutumin ƙauyen gaba ne kuma abokin wasan Piwen. Yana hango jan ganyen ya taka burki har motar ta karkace. Ya leƙo da kai, gumi na zuba, yau babu wasa a fuskarsa.

“Piwen, ki rufa mana asiri. Telanki ne a baya. Sai yau suka yarda.”

Sista Morin ta diro. Ta ce mai tuƙin jirgin ya rantse ba zai kai faɗuwar rana ba, don filin ba fitilu, in duhu ya yi sai gobe. “Shi kuma ba shi da gobe,” in ji ta. “Abin ya riga ya fashe.”

Bayanta shugaban masu gadi ya fito, wani ƙaton Bature mai jan wuya, sabon zuwa. Ya dubi hanya bai ga ƙarfe ba, bai ga gungume ba, sai ganye ɗaya a kan sanda. Ya yi tsaki ya nufe shi yana miƙa hannu. Samari suka miƙe gaba ɗaya, aka ji ƙarar adduna na fita daga ƙarƙashin benci. Pondros, wanda ko kallon idon Bature ba ya iya yi a ranar lafiya, ya yi tsalle ya damƙe wuyan hannunsa.

“Maigida, in ka taɓa shi, gawa biyu zan mayar, ba ɗaya ba.”

Baturen ya ja da baya yana huci. Ya ce to Pondros ya shiga ya tuƙa ta gefe. Pondros ya ce yana da 'ya'ya, ya zare makullin ya jefa a kan kujera.

Duk ido ya koma kan Piwen. Ita kuwa ta juya ga ɗan yayanta. “Kisokau,” ta ce, a karo na farko muryarta ba ƙarfi.

“Gwaggo, kada ki dube ni haka,” in ji shi. “Mu muka kulle shi a waya? Tun yaushe yake kwance suna zaune a kan maganar? Sai yau da suka ga dama, sannan a ce mu ne muka kashe shi? In motar nan ta wuce, gobe kowace motar kamfani za ta zo da mara lafiya a baya. Ganye ya zama ciyawa ke nan. Ɗan da ke cikin Hilan ya ci me, ruwan masai?”

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Kuma ko ya yarda, wa zai tuge? Ta ɗaure kowa, ta ɗaure kanta. Ta dubi rana, ta sauko har ta taɓa kan itatuwan kwakwa. Ta zagaya bayan motar ta hau.

Warin ne ya fara tarbarta. Nawroz na kwance a kan gadon ƙarfe, fuskarsa ta yi fari-fat kamar toka, leɓɓansa sun tsage, an rataye masa ledar ruwa tana ɗiga cikin jijiya. Ta ɗora tafin hannu a cikinsa, ta ji shi tauri da zafi kamar dutsen murhu. Ya buɗe ido da ƙyar.

“Mama.”

“Rufe min baki. Wa ya ce ka yi magana?”

Ya kai hannu wuyan rigarsa yana laluba, ya zaro allurar. “Karɓi kayanki. Ba za su bar ni in hau da ita ba.”

Ta karɓa. Ta soke ta a gashinta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoron cewa da bakinta ta kashe yaron nan. Ta sauko ta tsaya a gaban ganyen.

“Kisokau, me na ce ranar nan? Maimaita min.”

“Kin ce duk abin da yake na kamfani.”

“To shi na wane ne?”

“Na kamfani mana, Gwaggo. Lamba gare shi. Ba shi da ƙasa a nan, ba shi da uwa, ba shi da kabarin kaka. Su suka kawo shi, su ke ƙirga shi safe da yamma.”

“Haka ne,” in ji Piwen. Ta buɗe jakar da ke rataye a wuyanta, ta ture buwai gefe, ta fito da guntun citta.

Tsofaffin da ke rumfa su suka fara ganewa, wata ta dafe ƙirji. Kisokau ya dubi cittar, ya dubi gwaggonsa, fuskarsa ta sauya.

“Gwaggo, kada ki yi. Wane suna gare ki? Ɗaya ne ya rage.”

“Na sani.”

Hilan ta taso da ƙaton cikinta, tana riƙe da ƙugu. “Gwaggo, sunan ɗana ne! Kin yi min alkawari a gaban mutane. Ki ba wa baƙon da ko gaisuwarmu bai iya ba? Ɗana ya fito duniya ba suna, ba bishiya?”

“Ɗanki zai fito ya tarar da uwa da uba,” in ji Piwen. “Ki tsine min daga baya, 'yata, yanzu ba ni da lokaci.”

Ta jefa cittar a baki ta sake hawa motar. Sista Morin ta ɗaga hannu za ta hana, ta dubi fuskar matar, ta sauke. Piwen ta tauna har yaji ya kawo mata hawaye. Ta fesa wa Nawroz a goshi, ta fesa a ƙirji, ta fesa a tafin ƙafa. Ta kira kakanninta ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi yadda na waje za su ji, ta ce su buɗe ido su ga ɗansu. Shi kuma leɓɓansa na motsi, yana tasa addu'ar da harshensu.

“Yi taka, ina yin tawa,” ta ce masa ƙasa-ƙasa. Sannan ta ɗaga murya. “Kanawi! Ka dawo gida. Ƙasarka ce, hanyarka ce, bishiyarka na fadama. Wanda ya tare ka ya tare ubansa.”

Hilan na kuka, teku na rugugi. Kisokau na tsaye da adda a hannu, jijiyar wuyansa ta tashi. Zai iya cewa bai yarda ba. Ba a taɓa yi ba, amma ba a taɓa ba wa baƙon waya suna ba ma. Piwen ta tsaya a ƙofar motar tana kallonsa, ba ta roƙe shi ba. Can ya soke addar a ƙasa, ya share fuska da bayan hannu.

“Ku ɓalle ƙyauren rumfa,” ya ce wa samari. “Gadon ƙarfen nan na kamfani ne, ba zai wuce ba.”

Baturen ya fara ihu cewa tsararre ba ya fita daga mota ba tare da mai gadi ba, doka ce. Kisokau ya ce mai gadi na kamfani ne. Sista Morin ta juya wa Baturen, idanunta jawur.

“Mutumin da ba ya iya ɗaga kansa, ina zai gudu? Tsibiri ne! Rubuta cewa ni na sake shi.”

Ya ce ita da Piwen duk sun bar aiki daga yau. Ba wanda ya saurare shi. Samari suka shimfiɗa tabarma a kan ƙyauren, suka ɗago Nawroz, ya yi wata ƙara da ta sa yara gudu. Kisokau ya kama kusurwar da ke wajen kansa, ya sunkuya.

“Sannu, Baba,” ya ce. “Yi haƙuri, yanzu za mu kai ka.”

Wani saurayi mai kaifin ido ya nuna ledar ruwan. “Wannan fa? Ai ta kamfa...”

“Ban ga komai ba,” in ji Kisokau. “Kai ma ba ka gani ba. Ɗauki.”

Sista Morin ta miƙa wa Piwen ledar, ta ce ta riƙe ta sama da shi ko ta halin ƙaƙa, in ta yi ƙasa jini zai biyo. Piwen gajera ce, ƙyauren kuma na kan kafaɗun dogaye. Ta fizgi sandar tuƙa kwalekwale daga hannun wani tsoho, ta rataye ledar a kanta ta ɗaga. Suka wuce ta gefen jan ganyen, ba wanda ya taɓa shi. Sista Morin, da yake ta kamfani ce, ta tsaya a bayan ganyen, waya a kunne, tana roƙon mai jirgi ya jira.

Tafiyar ba ta da nisa ga mai lafiya. Amma in suka yi sauri sai ya yi ƙara, in suka rage sai Piwen ta dubi rana ta zage su. Hanya ta shiga gonar kwakwa, inuwa ta yi tsawo, haske ya koma ja. Numfashinta ya fara sarƙewa, hannayenta suka mutu a kan sandar, ta ƙi ba kowa. Wani wuri Nawroz ya yi shiru ƙwarai, kansa ya langaɓe.

“Tela!” ta daka masa tsawa. Shiru. “Kanawi! Kai, ɗan banza, ka mutu a hannuna ka gani!”

Ya motsa yatsu. Suka ci gaba. Kafin su fita daga gonar suka ji injin jirgin ya tashi, ƙarar na ƙaruwa. Kisokau ya ce a yi gudu, ko zai yi ƙara ya yi. Suka fito fili a guje, mata da yara na biye da su suna ɗaga zannuwa suna ihu. Ƙofar jirgin na buɗe, wani likita tsaye a kan matakala yana yi musu alama da hannu. Aka sauke shi daga ƙyaure zuwa gadonsu, aka karɓe ledar daga kan sandar. Likitan ya dubi tsohuwar da ke haki, bakinta duk citta, ya tambaya wace ce.

“Gwaggon gidansu ce,” in ji Kisokau.

Likitan bai fahimta ba, kuma ba shi da lokacin tambaya. Aka ja ƙofa. Jirgin ya tashi rana na taɓa ruwa. Piwen ta zauna daɓas a kan ciyawa, hannayenta sun ƙi saukowa sosai, sai da Kisokau ya lanƙwasa mata su.

An kore ta daga wanki, kamar yadda aka ce. Ganyen ya zauna a wurinsa har kamfani ya haƙa wata magudana, gyaran rabi da rabi, aka taru aka cire shi yadda ya kamata. Hilan ta haifi namiji, aka sa masa Tomas a coci, ba shi da sunan gida. Har yau Hilan ba ta gaida Piwen, in sun haɗu a rafi sai ta kau da kai. Piwen ba ta taɓa cewa matar ba ta da gaskiya ba.

Labarin Nawroz ne bai zo ba. Ta je ƙofar sansanin cikin rigar cocinta, aka ce bayanin mara lafiya sai danginsa.

“Ni ce danginsa.”

Yaron da ke ƙofa ya yi dariya, da ya ga fuskarta ya haɗiye. Sista Morin ta riga ta bar tsibirin. Mazajen cikin waya kowa da nasa: wani ya ce ya mutu ana cikin aikin, wani ya ce an gan shi kulle a wani masauki a birni da mai gadi a ƙofa, wani ya ce an mayar da shi duwatsunsu. Daga baya aka rufe sansanin, aka watsa mutanen, ciyawa ta cinye wayar. Ba sauran wanda za a tambaya.

Bishiyar Kanawi kuwa ba ta san da wannan ba, ta ci gaba da cika. A wurinmu ba a sare saksak ɗin mai rai sai ya ce a sare. Na mamaci kuma, in ya isa sara, dole a sare shi, a daka a ciyar da masu makoki. Ita kuma bishiyar sau ɗaya take fure a rayuwarta, in ta yi, garin cikinta ya tafi, sai ta bushe a tsaye. Da tsiron furen ya fara leƙowa a samanta, Kisokau ya zo da sassafe da gatari a kafaɗa, ya tarar da Piwen na fere kwakwa a ƙofar ɗaki. Shekarar ba ta yi kyau ba, rabin fadama ya mutu, yara sun rame.

“Gwaggo, ta kusa fure. Mu yi masa makoki kamar yadda ake yi wa kowa, mu yi kuka, yara su ci. Shi ma ya huta.”

“Ka ga gawa?”

“A'a.”

“Ya aiko ya ce ka sare?”

“Haba Gwaggo, ta ina zai aiko?”

“To ajiye gatarin nan kafin ka sare ƙafarka.”

Ta ci gaba da fere kwakwarta, hawaye na ɗiga a kan wuƙar, ba ta share ba, shi ma bai nuna ya gani ba. Ya juya ya tafi da gatarinsa.

Bishiyar ta yi fure, ƙato, ana hango shi daga teku. Mutane suka yi ta gunaguni a kan abincin da aka bari ya lalace, wasu a gaban idonta, ta ba su amsa daidai da su. Sannan bishiyar ta bushe. A gindinta 'ya'ya sun tsiro, kamar yadda saksak ke yi, su ma na mai sunan ne. Piwen ta tsufa yanzu, sai da sanda take gangara fadama, amma tana zuwa ta cire musu ciyawa, allurar nan soke a furfurarta. In baƙo ya tambaye ta na wane ne, ba ta ko ɗago kai.

“Na Kanawi ne,” takan ce. “Ya je asibiti.”